Ɓera ya fitar da maganin cikin awanni, me ya sa ni sai mako-mako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na daɗe ina fama da soriyasis, cutar da ke sa fata ta yi ja ta yi ɓawo, a gwiwar hannu, gadon baya da fatar kai. Likitan fata ya ɗora ni a kan methotrexate, ya ce in sha ranar Litinin kaɗai. Ɗan ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna ya ce min ya karanta cewa a jikin ɓerayen gwaji maganin ba ya kwana, awanni kaɗan ya fice. To idan haka ne, sauran kwana shidan ba a banza nake zaune ba? Ina tunanin in riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum, don hunturun nan ya tayar min da ita sosai.
Daga wani Alhaji, Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai ina roƙonka don girman Allah kada ka sha maganin nan kullum. Mutane sun rasa rayukansu ta wannan hanya, kuma mu masu ba da magani babu kuskuren da ya fi tayar mana da hankali a kan methotrexate kamar wannan.

Ɗan naka bai yi ƙarya ba, rabin labarin ne ya kawo maka. Yadda ake gano inda magani ke bi shi ne, a manna masa wata alama mai fitar da haske da na'ura ke iya gani, a yi wa ɓerayen allura ko a ɗura musu ta baki, sannan a riƙa ɗibar jini, fitsari da kashinsu lokaci bayan lokaci. Akwai kuma dabarar da Sven Ullberg na ƙasar Suwidin ya fito da ita a 1954: a daskarar da gawar ɓeran, a yanka ta siriri-siriri, a ɗora a kan fim, duk gaɓar da maganin ya taru sai ta yi duhu. Dabbobin nan rai gare su, shi ya sa ba a yarda a taɓa su sai kwamitin kula da haƙƙinsu ya amince, kuma ina ganin hakan daidai ne.

Abin da aka gani game da methotrexate shi ne, daga hanji yakan shiga jini, ya fi taruwa a hanta, ƙoda da bangon hanji, kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa ƙwaƙwalwa. A ɓera, hanta kan zubar da kaso mai yawa ta matsarmama zuwa hanji. A mutum kuwa ƙoda ce ke ɗaukar nauyin, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ta fitsari yake fita. Ka ga tun a nan mun raba hanya da ɓera, kuma dalilin da ya sa likitanka ke auna ƙodarka ke nan.

Sai batun sauri. Ɓeran gwaji bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, zuciyarsa na bugawa sama da sau 500 a minti ɗaya, taka kuwa 60 zuwa 100. Komai nasa da gaggawa yake tafiya. A 1970 Robert Dedrick da abokan aikinsa a Amurka sun jera sakamakon wannan magani a ɓera, burgu irin na gwaji, kare, biri da mutum, suka nuna cewa idan aka yi la'akari da nauyin jiki, tafiyar iri ɗaya ce, agogon ne ya bambanta. Bisa wannan lissafi, awa ɗaya a jikin ɓera ta kai kusan awa bakwai a jikinka. Duk da haka, ko a mutum rabin maganin kan bar jini cikin awa 3 zuwa 10.

To me ya rage yana aiki har mako? A nan ne amsarka take. Abin da ake aunawa a jini daban, abin da ya shige cikin ƙwayoyin halitta daban. Da zarar methotrexate ya shiga ƙwayar halitta, sai ta ɗaura masa wasu sinadarai a wutsiya, ya yi girman da ba zai iya fitowa cikin sauƙi ba, ya zauna makonni. Ka tuna marinar Ƙofar Mata: an tsame zane daga rijiyar baba, ruwan ya tsane, amma shuɗin na jikin zaren. Daga can ciki yake lafar da garkuwar jikin da ta harzuƙa, wadda ke sa fatarka sabuntawa cikin kwana 3 zuwa 5 maimakon kusan wata guda, har ta taru ta yi ɓawo. Shi ya sa kuma ba a ganin sauƙi nan take, yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu.

Kwana shidan da kake gani kamar asara, hutu ne ga ɓargo, hanta da fatar cikin baki da hanji, waɗanda su ma maganin na taɓa su. Idan ka sha kullum, ba su samu sararin farfaɗowa ba, sai ɓargo ya daina ƙera ƙwayoyin jini.

Ka gaya wa ɗan naka abu ɗaya kuma: ɓera ba ya kamuwa da soriyasis da kansa. Aske masa baya ake yi a shafa man imiquimod kwana biyar ko shida har fatar ta yi ja ta yi ɓawo, dabarar da masu bincike a Rotadam ta ƙasar Holan suka bayyana a 2009. Kwaikwayon cutar ne na 'yan kwanaki, a kan fatar da ta fi tamu siranta nesa ba kusa ba. Ɓera na nuna mana hanyar da magani ke bi da gaɓar da za a sa wa ido, amma yawan da za ka sha da ranar da za ka sha, daga gwajin da aka yi a kan mutane aka samo su.

Game da hunturu, ka riƙa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ka shafa basilin tun jikinka bai gama bushewa ba, ka koma wurin likitan ka gaya masa cutar ta tashi, shi ne zai ƙara yawan na ranar Litinin ɗin idan gwajin jininka ya ba da dama. Ka ci gaba da folik asid ɗin da ake haɗa maka da shi. Kada wani mai kemis ya ba ka Septrin, haɗuwarsa da methotrexate na iya kashe ɓargo, kuma ka tambaya kafin ka sha ibuprofen ko diclofenac. Idan kuna neman haihuwa kai da Hajiya, ka sanar da likitan.

In kuwa ka riga ka fara shan methotrexate ɗin a jere, ko ka ga gyambo a baki, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko jini a dasashi, ka dakata da shi ka nufi asibiti yau ɗin nan da kwalin maganin a hannunka. Akwai makarinsa, folinik asid (daban yake da folik asid), kuma ya fi aiki idan an ba da shi da wuri.