Me ake nufi da leverage, kuma me ya haɗa makanike da mai cinikin kuɗi?

Malam, ka ce a darasin kimiyya ka fara jin kalmar leverage, sai ga ta kuma a manhajar cinikin kuɗaɗen waje an rubuta 1:100, kana tambayar ko abu ɗaya ne.

Tushensu ɗaya. Duba makanike idan noti ya ƙi kwancewa: sai ya zura dogon bututu a hannun sifana ya danna, ƙaramin ƙarfi ya yi babban aiki saboda tsawon hannun.

A harkar kuɗi, bashi ne bututun. A 1:100, da naira 100,000 dillali zai bari ka juya miliyan 10. Farashi ya tashi da kashi 1 cikin 100, jarinka ya ninka. Ya sauka da kashi 1 ɗin nan, jarin ya ƙare ƙaf. A nan mutane suke faɗuwa: ribar kawai suke lissafawa. Shi ya sa a 2018 Tarayyar Turai ta taƙaita wa ƙananan 'yan kasuwa leverage zuwa 1:30 a manyan kuɗaɗen waje, kuma a ganina ko hakan ya yi wa sabon shiga yawa.

Kafin ka zuba ko sisi, nemi ƙwararre mai lasisi ya karanta maka sharuɗɗan. Ka kuma tambayi malami, domin galibi ana cajin kuɗin ruwa idan ciniki ya kwana.