Tambaya da Amsa: Wa ke gyara hanyar cikin daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga Samaru, Zariya. Na gani a Facebook wai a Amurka akwai wata hanyar ƙafa cikin daji mai dubban kilomita kuma wai mutane ke gyara ta kyauta, dan Allah gaskiya ne? Abin da ya sa na tambaya, kakana kullum yana mana labarin burtalin da ya bi ta bayan ƙauyenmu, yanzu ko alamarsa babu.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, gaskiya ne wallahi. Hanyar duwatsun Appalachian kenan, tsawonta wajen kilomita 3,500, ta taso daga jihar Jojiya har Maine ta ratsa jihohi 14, an gama fitar da ita a 1937, a 1968 kuma aka yi dokar da ta ba ta kariya. Yawancin filin na gwamnati ne amma aikin hannun na 'yan sa-kai ne, ƙungiyoyi wajen 30, kowacce da yankinta, su sare itacen da ya faɗi ya tare hanya, su shafa farin fenti a jikin bishiyoyi don kar matafiyi ya ɓata. To amma babban aikinsu da ruwa ne, don in ruwan sama ya samu hanya ya miƙe a kanta, damina kaɗan ta koma kwazazzabo, shi ya sa suke gitta gungume ko jera duwatsu a karkace su kai ruwan gefe. Duk manomin da ya taɓa tare zaizaya a gonarsa ya san wannan aikin.

Maganar burtali kuwa ta taɓa min zuciya sosai. Mu ma fa muna da doka, tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo, abin da muka rasa shi ne masu riƙe yanki-yanki, kowa ya ci taku ɗaya da garma har hanyar shanu ta zama gona, daga nan rigimar manomi da makiyayi ta samu ƙofa. Kuma gayya ba baƙuwarmu ba ce.

Ka fara da kakanka tun yana da ƙarfin tafiya, ya taka da kai inda burtalin ya bi ka rubuta, sannan ku je wajen mai unguwa da arɗo tare, kar ka kafa ko turke ɗaya ba da saninsu ba. In an amince da iyaka a dasa aduruku ko bini-da-zugu da farkon damina, suna kamawa da wuri.