Hanci da ido, da kalmar jijiya

Wata ɗaliba daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta aiko da tambaya biyu. Karin maganar nan, "abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi", zancen zumunci ne kawai ko haka jiki yake? Sannan mece ce jijiya, tunda kakarta tana kukan ciwon jijiya a ƙafa, likita kuma yana zancen jijiyar jini?

Ɗiyata, ana kawo karin maganar ne idan abu ya sami ɗan'uwa ko maƙwabci, ana nufin ya same ka ke nan. Amma wanda ya fara faɗarta ya lura da jiki ƙwarai. Tsaya kusa da turmi ana dakan yaji: ƙaurin hanci yake shiga, sai ga hawaye shar. Saƙo ne ya tashi daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci ido ya kawo ruwa. Akwai ma siririyar hanya daga lungun ido zuwa cikin hanci, ta nan hawaye suke gangarawa. Shi ya sa mai kuka yake jan majina.

Tambayar jijiya ta fi burge ni. Kalma ɗaya ce Bahaushe ya ɗora wa kaya uku: bututun da jini yake bi, farin zaren da yake kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara. Wasu suna ganin ƙarancin kalmomi ne. Ni ban yarda ba, domin duka ukun aikinsu haɗa wani sashe da wani.

Je ki wurin mahauta a kasuwar Dole da sassafe. Idan mahauci ya feɗe rago ya jawo maƙogwaro, huhu da zuciya tare suke fitowa, hanta tana manne a ƙasansu. Haka suke a cikinmu. Huhu yana zuba iska cikin jini, hanji yana zuba abinci, hanta tana ajiye wani, zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti tana zagayawa da jinin da bai fi lita 5 ba sosai a jikin baligi, ƙoda kuma tana tace shi dare da rana. Idan hawan jini ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ne yake shanyewa, alhali ba abin da ya taɓa hannu ko ƙafa.

Game da kakarki, Allah ya ba ta lafiya, idan kun je asibiti kada ku tsaya a "ciwon jijiya". Ta faɗa wa likita ko zugi take ji, ko kumburi, ko ƙafar ce take mutuwa kamar ana tsira mata allura.