Su ne da gwamnati, to rigimar me suke yi a Liverpool?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka ga 'yan jam'iyyar Leba ta Birtaniya sun taru a Liverpool sun kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da manufar gwamnatin da su da kansu suka kafa, gari ya waye ba abin da ya sauya, shi ne kake tambaya ko taron nan wasan kwaikwayo ne kawai. Bari in ba ka abin da idona ya gani. Na haura shekara goma ina riƙe da katin jam'iyyar nan, sana'ata kula da tsofaffi ce a arewacin Ingila, kuma a taron 2024 ina cikin zauren, reshen mazaɓarmu ne ya tura ni wakili.

Da farko ka cire hoton babban taron jam'iyya irin namu na gida, na daliget da fitar da ɗan takara. A nan duk shekara ake yi, ko da zaɓe ko babu. Daga Satumba zuwa farkon Oktoba majalisa kan tafi hutu, kowace jam'iyya ta kama gari guda ta yi nata. Na Leba kwana huɗu ne, Lahadi zuwa Laraba. Ƙuri'ar zauren kashi biyu ce daidai: rabi na wakilan mazaɓu irina, rabi na ƙungiyoyin ƙwadago da sauran ƙungiyoyin da ke jingine da jam'iyyar. Kada ka yi mamakin wannan rabon, domin 'yan ƙwadago ne suka haifi jam'iyyar a 1900, kuma har gobe suna zuba mata kuɗi. Kowane reshe yana iya aika ƙuduri, sai a yi ƙuri'a kan batutuwan da za a ba lokaci, sannan a tara waɗanda suka kawo ƙuduri iri ɗaya a ɗaki da dare su narka su ya zama guda. A ɗakin nan ake gumurzun gaske, ba gaban kyamara ba. Na zauna an ci fiye da awa guda ana ja-in-ja a kan ko a rubuta gwamnati "za ta yi" ko "za ta duba yiwuwar yi".

Yanzu ga abin da ya faru a 2024. Jam'iyyar ta ci zaɓe ranar 4 ga Yuli da kujeru sama da 400 cikin 650, bayan shekara 14 tana adawa. Kafin watan ya ƙare, ministar kuɗi Rachel Reeves ta ce an gaji baitulmali da wawakeken giɓi, don haka kuɗin ɗumama ɗaki da ake ba 'yan fansho lokacin hunturu, fam 200 ko 300 a shekara, daga yanzu sai mafi talauci kaɗai. Mutum kusan miliyan 10 suka rasa. Wanda bai taɓa hunturun ƙasar nan ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Ni da nake shiga gidajen tsofaffi da sassafe na san tsohuwa kan zauna da rigar sanyi biyu da bargo a falo, na'urar ɗumama ɗaki a kashe, tana tsoron takardar kuɗin gas. Waɗanda abin ya fi ƙona wa su ne masu ɗan abin hannun da ya ɗara iyakar tallafi da fam kaɗan, ba su kai mawadata ba, ba a kuma lissafa su a matalauta.

Ƙungiyar ƙwadago ta Unite, ƙarƙashin Sharon Graham, ta kawo ƙudurin a janye matakin. An sa ran muhawarar ranar Litinin, sai aka ɗaga ta zuwa safiyar Laraba, ranar ƙarshe, lokacin da wasu sun fara haɗa kaya, shi kuwa firaminista Keir Starmer ya gama jawabinsa ya wuce taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka. Da aka sanar da ɗagewar zaure ya ɗauki ihu. Ranar Laraba aka ɗaga hannu, ƙudurin ya wuce, nawa hannun yana ciki. Gwamnati ta ce ta ji, amma tana kan bakanta.

A nan tambayarka take da ƙarfi, kuma ba zan ɓoye maka ba: ƙuri'ar taro ba ta ɗaure firaminista. Na koma gida a jirgin ƙasa raina a jagule. Sai dai ka bi labarin zuwa gaba. A Mayun 2025 jam'iyyar ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi, ta kuma rasa kujerar Runcorn ga jam'iyyar Reform ta Nigel Farage da ƙuri'a shida kacal. Duk wanda ya yi yawon ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin ya san maganar da ake fara tarbarsa da ita. A watan Yuni gwamnati ta mayar da kuɗin ga duk ɗan fanshon da samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Ba na cewa ƙuri'armu ce ta yi wannan aikin, masu zaɓe ne suka yi. Amma mu muka fara faɗa, wata tara kafin nan, a bainar jama'a, kuma 'yan majalisar da ke jin tsoron buɗe baki sun sami abin dogara. Haka aka yi da dokar da ta taƙaita tallafin yara ga biyun farko, wadda ta fi taɓa gidaje masu 'ya'ya da yawa irin namu. A Yulin 2024 an dakatar da 'yan majalisa bakwai na Leba saboda sun goyi bayan soke ta, a kasafin Nuwamban 2025 gwamnatin da kanta ta sanar da soke ta.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2000 gwamnatin Tony Blair ta ƙara wa 'yan fansho kwabo 75 a mako. A taron Brighton na shekarar, Barbara Castle, tsohuwar minista tana dab da shekara 90, ta miƙe ta yi magana, wakilai suka kayar da shugabanni. Blair bai karɓi abin da taron ya nema ba na ɗaure fansho da hauhawar albashi, amma shekarar da ta biyo ƙarin ya zama fam 5. Kafin nan, a 1976, Denis Healey yana ministan kuɗi ya juyo daga filin jirgin sama ya zo Blackpool, aka ba shi 'yan mintuna kamar kowane wakili ya kare neman bashin IMF, wasu na tafi wasu na masa ihu.

Asalin rigimar tsoho ne. A 1918 jam'iyyar ta rubuta a sashe na huɗu na tsarin mulkinta cewa burinta manyan hanyoyin samar da dukiya su zama mallakar jama'a. Shugaban jam'iyyar na lokacin, Hugh Gaitskell, ya so gogewa bayan faɗuwa zaɓen 1959, aka hana shi. Sai Blair ya cim ma hakan a 1995. Tun daga nan gida biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wasu na cewa in ba ka ci zaɓe ba kyakkyawar aƙidarka ba ta ciyar da yaro ko ɗaya, in kuma masu ba gwamnati bashi suka tsorata kuɗin ruwa ya tashi talaka ne zai biya, ga abin da ya faru da firaminista Liz Truss a 2022, da hakan ya raba ta da kujerarta. Wasu na cewa mun ji, to yanzu an ci zaɓen, me aka ci shi a yi? Iyayenmu a Kano da Kaduna sun san irin wannan, lokacin da PRP ta kafa gwamnati a 1979 ba a jima ba ta rabe santsi da taɓo. Jam'iyyar talakawa ta fi sauƙin haɗin kai tana adawa, ranar da aka miƙa mata makullin baitulmali ranar ake fara tambayar wane ne ya saki layi.

Ni ina tsakiya, amma na fi karkata ga masu tambayar. Na sha azabar shekarun adawa, na ga yadda aka tsuke kuɗin kula da tsofaffi muna kallo ba yadda za mu yi, don haka ba na raina masu cewa a riƙe mulki da kyau. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗauki mai ƙorafi a matsayin maƙiyi. A taron 2005 an fitar da wani dattijo ɗan shekara 82, Walter Wolfgang, wanda ya tsere wa 'yan Nazi yana yaro, saboda ya katse ministan harkokin waje Jack Straw a kan yaƙin Iraƙi. Blair ya ba da haƙuri, shekarar da ta biyo 'yan jam'iyya suka zaɓi dattijon cikin kwamitin zartarwa na ƙasa. Irin wannan toshe kunne ya sake jawo asara a kan Gaza: a zaɓen 2024 'yan takara masu zaman kansu sun ƙwace Leicester ta Kudu da Blackburn da wasu kujerun da Musulmi ke da yawa, alhali rassan wuraren sun daɗe suna kuka.

In Allah ya kai mu wani Satumban kana kallo, jawabin shugaba na ranar Talata an shirya shi ne don talabijin, tafin ma an san inda za a yi shi. Ka nemi jerin ƙudurorin da suka tsallake zuwa zaure, ka ga wace ƙungiyar ƙwadago ce ta sa hannu, sannan ka duba wanne aka tura safiyar Laraba.