Shekara tara ina riƙe da makullin 'yan kwandam

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko hukuncin kisa daidai ne, ko kuwa gara a soke shi kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. Ni ba malami ba ne, ba kuma lauya ba. Gandiroba ne mai ritaya, kuma cikin shekarun aikina guda tara na yi su a ɓangaren waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, 'yan kwandam a bakinmu na ma'aikata. Abin da ido ya gani zan faɗa miki.

A asalinsa ba ni da ja da ƙisasi. Allah Ya ce a cikinsa akwai rayuwa, a aya ta 179 ta Suratul Baƙara, kuma na zauna da mutanen da suka sa na fahimci ayar. Akwai wanda ya yanka abokin kasuwancinsa saboda kuɗin shanu, yana ba ni labarin yana murmushi kamar wanda ya ci caca. Lokacin da babbar kotun Kano ta yanke wa Abdulmalik Tanko hukuncin kisa a watan Yulin 2022 kan Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da aka ba shi amanarta a makaranta, ban ji ko ɗigon tausayinsa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ma irin wannan kisan na yaudara, wanda malamai ke kira gila, ko iyaye sun yafe ba a fasa hukunci. To a kan wannan ba ni tare da masu cewa a goge hukuncin daga littafi.

Amma abin da ake yi a Najeriya ba shi ne ƙisasin da muka karanta ba, kuma nan ne mutane ba sa son a taɓa.

Ayar da ta zo kafin waccan, ta 178, ta buɗe ƙofar afuwa da diyya. Magadan mamaci ne ke da magana: su nemi jini, su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. Mafi yawan waɗanda na tsare kuwa daga babbar kotu suka zo, inda shari'ar ta gwamnati ce da wanda ake tuhuma, dangin mamaci 'yan kallo ne kawai. Na san wani dattijo da aka kashe ɗansa a rikicin iyakar gona. Wanda ya yi kisan ɗan ƙaninsa ne. Sau uku tsohon nan yana zuwa ƙofar gidan yari da sandarsa, yana cewa shi ya yafe, a sako masa yaron ya noma wa marayun abinci. Muka ce Baba, ba a hannunmu take ba, sai gwamna. Har ya rasu ba wanda ya saurare shi. Ya rasa ɗa, ya rasa ɗan ƙani, marayu ba su ga ko sisi ba.

Sai maganar su wane ne ke cikin ɗakin. Wallahi a shekara tara ban rufe ƙofa a kan mai kuɗi ba. Manoma ne, makiyaya, 'yan acaɓa, 'yan dako. Da yawansu ba su ga lauyansu ba sai ranar shiga kotu, shari'a kuma da Turanci, tafinta na fassara abin da ya samu. Babbar shaidar da ake kafawa da ita takardar amsa laifi ce mai ɗauke da dangwalen yatsa. Akwai wani Bafulatani da ya nuna min tabon igiya a wuyan hannuwansa biyu, ya ce a inda aka fara tsare shi aka rataye shi kwana biyu har ya dangwala. Ban ce ba shi da laifi ba, Allah ne masani. Amma malamanmu sun ce ana ture haddi da shubuha, kuma kuskure wajen yafewa ya fi kuskure wajen hukuntawa. Idan wannan ba shubuha ba ce, mece ce?

Kada ki ɗauka kuskure ba ya faruwa. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta kashe wani Nasiru Bello da aka samu da laifin fashi, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurara ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an yi ba daidai ba. To sai me? An riga an binne shi. A 1985, zamanin soja, an harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya da wata doka da aka kafa bayan sun aikata laifin. Ken Saro-Wiwa, ɗan gwagwarmayar 'yan Ogoni, da mutanensa takwas an rataye su ranar 10 ga Nuwamba 1995 bayan hukuncin wata kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Ga kuma dokar fashi da makami, wadda ba ta ba alƙali zaɓi: in dai an tabbatar da makami, kisa ne, ko da ba a zubar da jini ba. Da ita aka yanke wa Segun Olowookere hukunci a Osun a 2014 kan fashin kaji, yaron da aka kama yana shekara 17, sai a ƙarshen 2024 gwamna ya yi masa afuwa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya fi ci min rai. Hukuncin yana nan a takarda, tsarin mulki ya yarda da shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1998, amma ba a zartarwa sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa tsoron alhaki suke ji. Tun dawowar mulkin farar hula waɗanda aka ji labarinsu 'yan kaɗan ne, daga cikinsu akwai Sani Yakubu Rodi da kotun shari'a ta Katsina ta yanke wa hukunci aka rataye shi a Kaduna a Janairun 2002, sai mutum huɗu a Edo a 2013, sai uku a can dai a 2016. Masu jira kuwa sun haura 3,000. Ba a kashe su ba, ba a kuma bar su sun rayu ba. Mutum ya shekara goma sha biyar kullum in ya ji ƙarar makulli da asuba sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Ranar da labarin Edo ya shigo ta rediyo a 2013, kwanukan abinci haka muka kwashe su ba wanda ya taɓa. Wasu sun haukace a gabana. Wasu kuma, in faɗi gaskiya, sun haddace Alƙur'ani sun zama mutanen da zan iya ba ajiyar gidana, har in riƙa tambayar kaina ko wannan ne dai mutumin da alƙali ya gani. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai in mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma shekara goma ba a zartar ba. Sai dai yawancinsu ba su da kuɗin ɗaukaka ƙarar tun farko.

Masu cewa rataya ce maganin ta'addanci, ina jin su, amma ni na yi hira da masu laifin. Ban taɓa jin wanda ya ce ya tsaya lissafin igiya kafin ya fita ba. Lissafinsu ɗaya ne: za a kama ni ko ba za a kama ni ba. An yi ta harbe 'yan fashi a bainar jama'a a Bar Beach, bakin tekun Legas, tun 1971, zamanin ƙasurgumin ɗan fashi Oyenusi, fashi bai ƙare ba. Wasu ƙasashen kusa da mu ma sun ja da baya: Nijar rabonta da zartar da kisa tun 1976, Chadi ta soke a 2020, Ghana ta cire shi daga laifukan yau da kullum a 2023.

Da za a tambaye ni, a bar hukuncin ga kisan ganganci da shaida ta fito sarari kamar rana, irin na Hanifa, a zartar kuma ba tare da jan rai ba. A cire shi daga laifin da ba a kashe kowa ba. Kada a rataye mutum da dangwalen yatsa kaɗai. A kira magada a ji ta bakinsu kafin takarda ta isa teburin gwamna. Waɗanda suka shekara goma suna jira kuma a mayar musu da shi ɗauri.

Yaron can na rikicin gona, ranar da zan ajiye aiki ya kira ni ta taga ya ce, Oga, in ka bi ta garinmu ka duba min ko an sayar da gonar. Na je bayan damina. An sayar, kuɗin kuma a wajen lauya suka ƙare.