Jan sitika ya koma ruwan goro, kuma ta ƙi bushewa: laifin kan injin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shagon buga fileks da sitika a Tudun Wada. Injina mai kan XP600 ne (kan shi ne ɓangaren da ke fesa tawada), da manhajar bugu ta Maintop nake aiki. Makon jiya na buga wa wani mai ruwan leda SAV, wato robar sitika mai gam a baya, mita 40 da zai liƙa a motocinsa, sai jan tambarinsa ya fito kamar ruwan goro. Mai gyaran da na kira ya ce in ci gaba da furofayil ɗin fileks, wato saitin kalar da manhajar ke bi wajen bugu, in ƙara tawada kawai. Na ƙara, jan ya yi duhu, sitikar tana danƙo, bayan kwana 3 gefenta ya fara naɗewa. Yanzu mutumin kuɗinsa yake nema. Kan injin ne ya mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka sayi sabon kai tukuna. Fara buga gwajin ramukan kai ka duba layin majenta, wato tawadar nan mai ruwan hoda mai ƙarfi. Ja dai majenta ne da yalo, to idan wasu ramukan majenta sun toshe, yalo zai rinjaya, ja ya koma ruwan goro. In layukan sun fito cif, kan injinka lafiyarsa ƙalau, matsalar tana furofayil.

Yanzu maganar "ƙara tawada". Wallahi ba na yin mako ban ji ta ba, daga Kawo har Kakuri, kuma ita ta fi komai cinye jarin masu ƙananan shaguna. Mutum ya iya wanke kai da canza damfa (ƙaramar ma'ajiyar tawada da ke saman kan injin), shi ke nan ya zama malamin kala, yana bai wa mutane shawarar da za ta lalata musu nadi guda na SAV. Fileks da SAV ba ɗaya suke karɓar tawada ba. Kowace leda tana da iyakar abin da fuskarta za ta iya ɗauka, kuma wannan iyakar tana cikin abin da ake aunawa lokacin haɗa furofayil. Da ka wuce ta, kala ba ta ƙara kyau. Jan zai yi duhu ya yi dauɗa, ƙananan rubutu su cushe, ɗigon tawada su haɗe da juna kafin su bushe.

Abin da ido bai gani ya fi wannan muni. Tawadar eko-solbent, irin wadda waɗannan injina ke amfani da ita, tana shiga cikin robar ne, ta tausasa ta, sannan sinadarin ya fita da zafi da iska. Idan ka malala ta, sinadarin zai ratsa robar har ya kai ga gam ɗin baya. Gam ya yi laushi, robar ta tsuke, gefe ya ɗaga, musamman inda aka yanka a cikin kala mai nauyi. In kuma ka yi gaggawar rufe ta da lamineshan, wato ledar kariya da ake liƙawa a kai, ka kulle sinadarin a ciki ke nan. Motar ta yi wuni ɗaya a ranar Kaduna, sai ka ga kumbura-kumbura. Mai kaya ba zai ce mai gyara ba, kai zai kira. Mai gyara ya karɓi kuɗin ƙafarsa ya tafi tuntuni.

Ƙanwar wannan ɗabi'a ita ce yawo da furofayil a filashi. "Na wani ogana ne a Legas, yana fitar da kala sosai." Da wace tawada aka yi shi? A kan wace leda? Fas nawa, wato sau nawa kan injin ke bi ta wuri ɗaya? Hita a nawa? Furofayil ɗin kala, wanda ake kira ICC, awo ne na haɗuwar waɗannan duka. Wanda aka yi wa wani nau'in kai irin DX5 a fas 8 ba zai yi maka daidai a XP600 a fas 4 ba. Mu kuma nan yau ka sayi wannan tawada, gobe ta yi tsada ka koma wata, ka zuba a kan ragowar ta jiya, sannan ka yi mamakin yadda kala ta sauya.

Ga abin da za ka yi. Mayar da saitin yawan tawadar inda yake kafin a taɓa. Nemi furofayil na SAV daga wanda ya sayar maka da tawadar, wanda ya dace da kan injinka da yawan fas ɗin da kake bugawa. Kamfanoni irin su Avery Dennison da Orafol suna ba da nasu kyauta, amma galibi na manyan injina ne kamar Roland da Mimaki. Wanda ya fi duka shi ne a zo da na'urar auna kala, irin i1Pro ta X-Rite, a buga jadawalin kaloli a kan ledarka a auna.  Sa hita kusan digiri 40 zuwa 45, kuma bar aiki a warware ya sha iska aƙalla awa 24 kafin lamineshan.

Duba fayil ɗin ma. Jan da ke walƙiya a fuskar kwamfuta haske ne na RGB, wato tsarin kalar allo, akwai wanda tawada ba ta iya kaiwa gare shi. A manhajar zane ta CorelDRAW buga ƙananan murabba'ai na ja, majenta kashi 100 da yalo daga kashi 70 zuwa 100, bari su bushe, ka kai wa mai ruwan ledar ya zaɓa da rana a waje, ya sa hannu a bayan wanda ya zaɓa. Da shi za ka sake buga mita 40 ɗin.