Zan hau Chappal Waddi, baƙin dutse ya ishe ni maganin saran maciji?

Tambaya: Likita, ni da abokaina muna shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti mu hau dutsen Chappal Waddi. Tsoron maciji ne ke hana ni barci. Kawuna ya ba ni baƙin dutse, ya kuma kai ni wurin wani gardi na sha makari. Ya ce ko an sare ni, in ɗaure wurin, in tsaga, in manna dutsen. Wannan ya wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, bai wadatar ba, kuma gara da ka tambaya tun kana gida.

Tafiyar kanta ba laifi. Ku je tsakanin Disamba da Maris, lokacin da koguna suka janye, ku fara biyawa ofishin gandun da ke garin Serti na jihar Taraba a haɗa ku da ma'aikatan daji, ku tambaye su halin tsaro. Tsayin Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, don haka ku riƙe rigunan sanyi. Maciji kuwa gudun mutum yake yi. Takalmi mai rufe idon sawu, dogon wando, tocila da dare, da kakkaɓe takalmi kafin a sa da safe, sun fi duk abin da gardin nan ya ba ka. Kada ka zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu wani abin sha da ke hana dafi aiki a jikin mutum, kuma baƙin dutse ba ya zuƙo komai. Mannewa kawai yake yi a kan rauni, dafin kuwa tuni ya bi jiki. Me ya sa mutane ke rantsuwa ya yi musu aiki? Domin macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, masu dafin ma wani lokaci sukan yi sara ba su zuba ba. Wanda dama zai warke ya warke, gardi ya karɓi yabo da kuɗi. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi kuwa shi ake kawo mana bayan kwana biyu ko uku, dasashi na zubar da jini, fitsari ja, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ranar farko mutum na zaune yana hira, 'yan'uwa na cewa magani ya ci. To ka duba, mutumin da jininsa ba ya daskarewa ne za a ɗauki reza a tsattsaga! Ɗaurin roba kuma ya fi ba ni takaici. Ana kawo ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, tana wari, a ƙarshe a yanke ta, alhali ɗaurin ne ya kashe ta, ba macijin ba. Wallahi masu sayar da waɗannan abubuwa a kasuwa suna ɗaukar alhakin rayuka, su ji tsoron Allah.

In tsautsayi ya faɗa, a janye mutum daga wurin, a cire masa zobe da agogo kafin kumburi, a ɗora wa gaɓar kara kamar mai karaya ba tare da matsewa ba, a ɗauke shi, kada ya taka da kansa in da hali. Ban da tsotsa, ban da bin maciji don a kashe. Don raɗaɗi a ba shi farasitamol kaɗai, asfirin da dangoginsa suna ƙara zubar jini. In gamsheƙa ta tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Magani ɗaya ne, allurar kashe dafi a asibiti. A can za a ɗibi jini a zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba, sai a sa allurar. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, amma yana da nisa ƙwarai daga gandun. Saboda haka kafin ku bar Serti, ku tambayi ma'aikata wane asibiti mafi kusa ke da allurar a hannu a wannan makon, ku kuma yi magana da direban da zai tsaya muku da mota.